Gyaran da Na Kai wa Ticha Mumuni

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakewa ba. A ofis, a masallaci, har a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: me ya kai ka Gwanja, kai da ko goro ba ka ci? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk wanda na ba shi, sai bayan mun rabu in ga na bar abin da ya fi damuna ban faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haladu, ina aiki a wata ma'adanar takardun tarihi a Zariya. Bayan wannan, ni ne mataimakin edita na wata 'yar mujalla da masu irin aikinmu ke fitarwa sau ɗaya a shekara. Ƙa'idarmu ita ce, idan mutum ya aiko da maƙala sai mu cire sunansa, mu aika wa masana biyu su yi mata bita. Su ba su san mai rubutun ba, shi ma bai san su ba. Ni da babbar editarmu, Dokta Hadiza, mu kaɗai muka san kowa, kuma bakinmu a rufe yake.

Wata rana maƙala ta zo mana daga Salaga, tsohon garin cinikin goro a ƙasar Gwanja. Mai ita wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya, Abdulmumini, wanda daga baya na ji kowa yana kiransa Ticha Mumuni. Ya yi rubutu ne a kan littattafan wani gida na jikokin fataken goro, gidan Malam Baƙo. Ya bayyana yadda ake jera su cikin gafakoki, da wanda ake ba aro da wanda ake hanawa, da yadda suka ƙi raba su duk lokacin da aka zo rabon gado. Ban taɓa karanta rubutu mai daɗinsa a fanninmu ba. Babbar maganarsa kuwa ita ce, akwai wani littafin fiƙihu a gidan wanda Malam Baƙo ya rubuta da hannunsa tun kafin Turawa su shigo ƙasar.

Mai bita na farko ya yaba, ya ce a buga. Na biyu, wani dattijon farfesa da ba zan faɗi sunansa ba ko a nan, ya cika shafuka da jan biro. Ya ce irin takardar da aka siffanta ta fi kama da wadda ta shigo daga baya, saboda haka mai yiwuwa littafin kwafi ne. Ya ce dole marubucin ya koma ya ɗaga takardun a hasken rana, ya zana tambarin da ke cikinsu, ya kwafo shafin ƙarshe inda mai rubutu ke sa sunansa. In bai yi haka ba, kada a buga. Akwai kuma maganganu masu zafi a ciki, irin waɗanda mutum ke iya rubutawa in ya san ba za a ga fuskarsa ba.

Muka aika wa Ticha Mumuni, shiru. Muka sake aikawa, shiru. Sai muka fara jin labarin rikicin ƙabilanci da ya ɓarke a arewacin Gana a rediyo. Shekara ta zagayo ba amsa. Takarda ta yi tsada, har kwamitinmu ya ce fitowar da ke tafe wataƙila ita ce ta ƙarshe sai yadda hali ya yi. Dokta Hadiza ta ce ko dai mu ajiye maƙalar, ko a nemo mutumin. Hutuna na shekara ya kusa, sai na ce zan je. Akwai kuma wani dalili nawa na kaina: kakata ta sha ba mu labarin mahaifinta da ya tafi Gwanja fatauci bai dawo ba, sunan Salaga tun ina yaro yake kunnena.

Na bi ta Legas, na ratsa Kwatano da Lome. Kan iyakokin biyu na farko ban sha wahala ba, sai tsayuwa da zafi. A Aflawo ne, bakin shiga Gana, jami'in da ke bincike ya buɗe babban ambulan ɗin da na sa maƙalar da rahotannin bita. Ya ga jan biro, ya ga kalmomin Larabci, ya ga sunan Salaga, sai ya ce in biyo shi ciki. Ban ga laifinsa ba, domin a lokacin duk abin da ya nufi arewa ana sa masa ido. Na zauna na yi masa bayanin yadda mujalla ke aiki tun daga farko. Ya saurara da kyau, ya karanta shafi ɗaya na rahoton mai bita na biyu, sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “Wato wani ya zagi wani, ya ɓoye sunansa, kai kuma ka ɗauko zagin ka ratso ƙasashe da shi?”

Na ce ba zagi ba ne, gyara ne. Ya ce shi dai in wani ya yi masa irin wannan gyaran, zai so ya ga fuskarsa. Wata 'yar kasuwa da muka shigo mota ɗaya, Hajiya Lami ta zangon Kumasi, ita ta leƙo ta yi masa magana da yarensu na Tuwi, ta ce tun daga Lome ba abin da nake yi sai karatu da gyangyaɗi, irina ba ya tayar da fitina. Ya yi dariya ya buga min hatimi.

Hajiya Lami ce ta kai ni gidan ƙanenta a Kumasi na kwana. A nan na fara cin dokunu, wani ƙullun masara mai tsami da ake dafawa cikin ɓawo, ana ci da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na ɗebi yajin kamar miya, ba wanda ya hana ni, sai da hawaye suka zubo sannan suka ce ai ɗanɗanawa ake yi. Da safe aka kawo koko da ƙosai, har sunan bai canza ba, sai na ji kamar ina Tudun Wada.

Daga Kumasi na shiga mota zuwa Yeji, bakin babban tafkin Bolta. Damina ce, ruwa ya cika. Jirgin fito da ke ɗaukar motoci ya lalace, muka wuni a bakin ruwa muna jira tare da buhunan gishiri da mata masu kwandunan kifi. Da aka gyara shi, wajen hawa na zame, ƙafata ɗaya ta nutse cikin laka ta fito ba takalmi. Na tsaya ina dube-dube, mutane suka ce in haƙura, tafkin ya karɓa. Da silifas ɗin roba da na saya wajen wata mai talla na shiga Salaga, garin da na yi shekaru ina kwatanta yadda zan shige shi. Ambulan ɗin dai na naɗe shi cikin leda na cusa cikin riga, bai jiƙe ba.

Salaga ba ta kai sunanta girma ba. Gari ne mai kwanciyar hankali, ga tsofaffin rijiyoyi birjik, wasu a bakin hanya ciyawa ta rufe su. A bakin gari akwai shingen sojoji. Na tambayi gidan Ticha Mumuni aka nuna min, na tarar da shi a kulle, ciyawa ta fito a tsakar gida. Maƙwabta suka ce in je wajen Alhaji Tanko, shi ne babba a gidan Malam Baƙo yanzu.

Alhaji Tanko dillalin doya ne, mutum mai jiki, mai magana a hankali. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da aka ba ni ruwa, aka share min ɗaki, na ci sakwara. Hausarsu ta ba ni mamaki. A kasuwa za ka ji ta gauraye da Gwanjanci da Turanci, amma a cikin wannan gidan tsofaffi suna faɗin kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Na tambaye su labarin mahaifinta, na faɗi sunansa da na garinsu. Suka yi ta tunani, suka aika aka tambayi wata tsohuwa, ba wanda ya san shi. Alhaji ya ce irinsa da yawa suna kwance a maƙabartar garin, ya sa aka yi masa addu'a.

Bayan la'asar muka zauna a zaure, na ce na zo ne saboda littattafan gidansu. Sai ya gaya min cewa littattafan ba a cikin gari suke ba. Baffansa, Malam Sule, shi ke riƙe da su, kuma ya koma da su wani ƙauyen gonarsu a hanyar Kpandai, inda yake noma yana karantarwa. Can Ticha Mumuni ke hawa keke yana zuwa duba su shekara da shekaru. Da rikici ya zo, mutanen ƙauyen suka gudu da kayan jikinsu. Malam Sule ƙafafunsa sun riga sun yi rauni, ya ce su tafi, in ƙura ta lafa su dawo su ɗauke shi. Ƙauyen ya ƙone ƙurmus. Da aka samu shiga tare da sojoji, Ticha Mumuni na cikin waɗanda suka je. Suka yi wa tsohon sutura da abin da suka samu. Na littattafan kuwa, ko bango ɗaya bai tsira ba.

Ban tambayi waɗanda suka kunna wutar ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ce tun ranar Ticha ya daina magana da mutane, idanunsa kuma da ma suna ba shi wahala, sai 'yar'uwarsa ta zo ta tafi da shi Yendi.

Da ya gane cewa sunayen littattafan suna cikin takardun da nake ɗauke da su, sai ya roƙe ni in karanta masa. Na fara karantawa ɗaya bayan ɗaya, da irin gafakar da kowanne yake ciki da launin tawadarsa. Ina cikin haka na ji motsi bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, matan gidan ne suka taru suna saurare. Da na zo kan littafin fiƙihun, Alhaji Tanko ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Wannan hannun kakanmu ne. Duk yaron da ya sauke a gidan nan, sai an ɗora masa shi a cinya ya taɓa.”

Rahoton mai bita na biyu yana ƙarƙashin takardar da nake karantawa. Na danne shi da hannu, na ci gaba.

Hanyar Salaga zuwa Yendi ta Bimbila ita ce mafi nauyi a duk tafiyar. Babbar mota ce mai bodin katako, muna zaune a kan buhuna. Ta kafe a laka ba sau ɗaya ba, muka sauka muka tura, silifas ɗina ma sai da ya tsinke na ɗaure da igiya. Wannan duk ba komai ba ne. Abin da ya tsaya min shi ne ƙauyukan da muka wuce, bangaye a tsaye ba rufi, mangwaro ya yi baƙi ta gefe ɗaya, wani wurin kuma an fara sabon jinka. A gida in aka shiga mota irin wannan, kafin a yi nisa an san sunan kowa, an yi gardamar siyasa. A nan ba mai magana. Kafin mu shiga wani gari, wani mutum da ya tura motar tare da mu ya buga bodi, direba ya tsaya, ya sauka da ƙunshinsa ya bi hanyar daji. Ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya sani sai ni. Wanda ke kusa da ni ya raɗa min cewa irinsu ba su fara shiga garin ba tukuna.

A Yendi na ga abubuwa biyu da ba mu saba da su ba. Na farko mata a kan keke, da goyo a baya da itace a kariya, ba mai ko kallon su. Na biyu gaisuwa. In ƙarami ya haɗu da babba sai ya durƙusa, babban na jero gaisuwa shi kuma yana amsawa da “naa, naa” har a gama. Mu ma muna durƙusawa, amma tasu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Na gwada a gaban wani dattijo da ya nuna min hanya, da na zo miƙewa gwiwata ta ƙi, sai shi ya kama ni ya ɗaga.

Hajiya Ayishetu, yayar Ticha Mumuni, tana sayar da wasawasa a ƙofar gidanta, wani abinci baƙi-baƙi da ake yi da garin doya, kamar dambu. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce min Ticha ba ya nan, yaronsa ya zo ya ɗauke shi ya kai shi Bawku wajen likitan ido, yaron nan da ya haihu bara. Na yi ta juya maganar, sai da ta ambaci sunan, Fuseina, na gane 'yarsa take nufi.

A gidanta zazzaɓi ya kwantar da ni. Ta ba ni ɗakin da ƙanenta ya zauna, ta aika aka sayo magani, ta riƙa dama min koko mai citta. Da na fara warwarewa ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ta tambaye ni ko abin da ke cikin ambulan ɗin alheri ne. Na ce akwai alheri, akwai kuma gyara. Ta ce ƙanenta bai taɓa tara komai a duniya ba, ba gida mai kyau, ba gona, littattafan nan su ne aikinsa, kuma ya ga tokarsu da idonsa kafin idon ya tafi. Ta ce in har na san abin da na ɗauko zai ƙara masa ciwo, in koma da shi daga nan, ita za ta ce ban zo ba.

Na kwanta ina tunanin maganarta. Mutumin ba ya gani, ni zan karanta masa. Ina iya tsallake duk inda ya yi zafi, in sassauta sauran. Har na ɗauki fensir na sa 'yan alamu a gefen layukan da zan tsallake.

Daga Yendi na bi ta Tamale da Bolgatanga. Ƙasar ta buɗe, ta koma kamar tamu, ga gero da dawa, ga gidaje zagayayyu na laka a warwatse cikin gonaki, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Bawku gari ne na kan iyaka, warin albasa ne ya fara tarbata tun daga tasha, ga amalanken jakuna ko'ina. A layi ɗaya na kasuwa za ka ji harsuna da yawa, amma in ciniki ya yi ciniki sai a koma Hausa. A nan na sayi takalmi, na kuma ci tubani da mai da yaji, wanda ya fi namu laushi.

Fuseina tela ce, shagonta a jikin gidan mijinta. Ta kai ni wajen mahaifinta a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a tsakar gida. Dogo ne, siriri, da baƙin tabarau, rigarsa a goge tsaf. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan haske kawai yake bambancewa, likita kuma ya ce abin da za a iya yi shi ne a rage masa sauri. Ya gaishe ni da Turancin tsofaffin malamai, sannan ya koma Hausa mai kyau. Da na faɗi sunan mujallarmu sai ya juya fuska. Ya ce wasiƙunmu sun same shi tun yana Salaga, bayan ƙauyen ya ƙone, bai buɗe ba, don bai ga amfanin maƙala a kan abin da babu shi ba. Ya ce in huta, in ci abinci, in gaida mutanen Zariya.

Na ce masa, “Baba, na karanta wa Alhaji Tanko sunayen littattafan a zaurensa. Matan gidan sun fito sun saurara. Yanzu ba inda littattafan nan suke sai cikin rubutunka.”

Washegari da hantsi Fuseina ta zo masaukina ta ce yana kira na, in zo da takardun.

Na fara da rahoton mai bita na farko, ya saurara ba yabo ba fallasa. Na shiga na biyu, ina bin alamun fensir ɗina. Ban yi nisa ba ya tsayar da ni. Ya ce ya yi shekaru yana gyara rubutun yara, ya san in an cire layi daga tsakiyar magana. Ya ce mutumin da ya fara jimla da wannan zafin ba zai ƙare ta da sanyi haka ba.

“Malam Haladu, idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Koma ka karanta yadda ya rubuta.”

Na koma na karanta duka, har inda mai bitar ya ce marubucin ya kamu da son gidan da yake nazari, kuma so ba hujja ba ne. Ya ce ya riƙe littafin nan a hannunsa sau ba adadi, ya san nauyinsa, ya san ƙanshinsa, wani kuma yana zaune a ofis bai taɓa taka Salaga ba zai gaya masa ko na wane ne. Ya ambaci sunan wani masani ya ce shi ne, ya san salonsa. Ya ambaci wani. Na ce masa ko ya canka ko bai canka ba, ba zan ce komai ba. Ya ce to in tashi in ba shi wuri.

Ranar bai ci abinci ba, in ji Fuseina. Ni ma na wuni ina yawo a kasuwar albasa, ina jin maganar Hajiya Ayishetu a kaina.

Da ya sake kira na, ya riga ya sa an fito da tebur da kujera. Ya ce mu bi gyaran ɗaya bayan ɗaya. Wasu ya karɓa nan take. Wasu ya ƙi, kuma da hujja: akwai inda mai bitar ya ɗauka wata kalma ta Larabci ce aka rubuta ba daidai ba, alhali sunan wani gari ne da Gwanjanci. Nan ya yi murmushi na farko, ya ce in rubuta amsar da ladabi amma kada in rage mata gishiri. Sai muka zo kan littafin fiƙihun. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce mutumin ya yi gaskiya a abu ɗaya: bai taɓa ɗaga takardar a rana ba. Malam Sule ba ya son a warware littafin, shi kuma yana jin nauyin tsohon, kullum yana cewa sai wani zuwan.

Na ce ko za mu rubuta cewa alamu sun fi nuna hannun Malam Baƙo ne. Ya ce waɗanne alamu? Ya ce in ɗauki biro, ya yi min shifta:

“Mutanen gidan sun ce hannun Malam Baƙo ne, ni ma haka na ɗauka. Ban gwada takardar yadda ya kamata ba. Littafin ya ƙone. Ba wanda zai iya tabbatarwa yanzu, har da ni.”

Ya sa na maimaita masa, ya ce a bar shi haka. Na tambaye shi Alhaji Tanko fa? Ya ce shi zai gaya masa da bakinsa kafin a buga, ba zai bari ya ji a wajen wani ba. Fuseina za ta kai shi in an gama ruwa.

Na ɗauka mun gama, ashe aiki mafi wuya yana gaba. Ya tuna min cewa duk maƙalar an rubuta ta ne lokacin da littattafan suke nan. Saboda haka muka koma shafin farko. Duk inda ya ce “akwai”, muka mai da shi “a da akwai”. Duk inda ya ce “ana ajiye shi”, muka mai da shi “an kasance ana ajiye shi”. Ina karanta jimla, shi yana faɗin sabuwar, ina gyarawa. Gafaka bayan gafaka muka bi. Fuseina ta fito da ɗinkin hannu ta zauna kusa da mu, da muka kai inda aka ambaci Malam Sule yana buɗe ɗakin da safe, ta tattara kayanta ta shige ciki. Shi kuwa muryarsa ba ta yi rawa ba har muka kai ƙarshe. Ya sa hannu a inda na ɗora masa yatsa.

Na dawo ta arewa, ta Sankansi da Fada da Yamai, na shigo ta Ƙonni. Hanyar ta fi kusa, ta kuma fi sauƙi, ko kuma ni ne hankalina ba ya kan hanya.

Dokta Hadiza ta karanta gyaran, ta ce ƙa'ida ita ce a mai da wa mai bita na biyu ya gani. Aka kai masa, ba tare da wani bayani ba sai abin da ke cikin maƙalar. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kansa a ofishina, abin da bai taɓa yi ba, yana dogara sanda. Ya rufe ƙofa ya zauna. Ya ce bai zo tambayar sunan marubucin ba, yana so ne ya ji yadda na same shi. Na ba shi labari, ban rage komai ba, har da ranar da bai ci abinci ba. Ya tambaya ko an karanta masa rahoton duka. Na ce duka, ranka ya daɗe, shi ya hana ni tsallakewa.

Ya ce maganar sunan garin nan marubucin ne da gaskiya, shi ya yi kuskure, a rubuta haka. Maganar takarda kuwa, ya ce ko da ya san abin da ya faru, gyaran da zai nema ke nan, ba zai canza ba.

“Amma da ba haka zan faɗe shi ba,” in ji shi. “Na rubuta kamar ba mutum ne zai karanta ba.”

Ya jawo maƙalar, ya rubuta a saman shafin farko cewa a buga ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya miƙe da ƙyar, har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce in za a aika wa mutumin da mujallar, in sa masa gaisuwa. Na ce daga wa zan ce? Ya ce in ce daga wanda ya karanta shi da kyau, bai kuma kyauta masa ba.

Mujallar tana wajen masu ɗab'i yanzu. Na riga na yi magana da wani direban albasa da ke zuwa Bawku, ya ce zai kai ta hannu da hannu. Gaisuwar kuma na rubuta ta da manyan baƙaƙe yadda aka faɗa min, don Fuseina ta karanta masa.